Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani: A Ƙara Wa Tsohuwar Tarakta Bakin Mai Na Baya



Ran kasuwar da ta wuce na biya ta gidan wani abokina, babban manomi a wani ƙauye kudu da Kano. Na iske taraktarsa a gindin darbejiya, an lulluɓe ta da tamfol, kaji na kiwo a ƙarƙashinta. Massey Ferguson 135 ce, ja, ta girmi ɗansa na fari. Na ce, "Alhaji, lafiya ta ke kuwa?" Ya ce, "Lafiyarta lau, Malam. Aiki ne ya ƙare, sai kuma in ruwa ya sauka." Muna cikin wannan magana sai ga tifa ta shigo da takin shara daga birni, shi Alhajin ne ya biya kuɗin hayarta. Na dubi tifar, na dubi taraktar, na ce lalle ga abin da za mu tattauna a wannan mako.

Abin da na ke gani shi ne, tsohuwar tarakta da ke aikin wata uku ta kwanta wata tara, hasara ce ga mai ita. Sau da yawa kuwa abin da ya hana ta aikin rani ɗan ƙaramin abu ne: ba ta da bakin mai na baya, watau mahaɗin nan da a ke cusa tiyo don man haidirolik ya fita daga cikinta ya tafi ya ɗaga tirela, ko haro mai taya, ko wani kayan aiki. Ina goyon bayan a ƙara mata shi. Amma da sharaɗi: a yi da awo, da kayan ƙwarai, a hannun wanda ya san aikin. In ba za a cika sharaɗin ba, gara a bar ta a gindin darbejiya.

Me ya sa yanzu? Kowa ya sani tun shekarar 2023, da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira, duk abin da a ke shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin yawancinmu. Abin da ke hannunmu shi ne tsofaffin Massey Ferguson, da Fiat irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kano, da Steyr irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Bauchi. Su ne dukiyarmu, dole mu san yadda za mu ci moriyarsu. Zan yi misali da Massey Ferguson 135 domin ita na fi sani, kuma ita makanikanmu suka fi sabawa da cikinta.

Asalin abin

Wanda ya ƙago hannuwan nan uku da ke ɗaukar garma a bayan tarakta wani mutumin Ailan ta Arewa ne, sunansa Harry Ferguson. A 1938 suka yi yarjejeniya ta musafaha da Henry Ford na Amurka, a 1939 taraktar Ford mai wannan dabara ta fito. Daga 1946 zuwa 1956 aka ƙera ƙaramar taraktarsa mai ruwan toka a birnin Kobantiri na Ingila, fiye da guda dubu 500. A 1953 kamfaninsa ya haɗu da Massey-Harris na Kanada, daga nan sunan Massey Ferguson ya samo asali. Ita 135 ta fito a 1964.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, Ferguson ya yi famfon taraktarsa ne don ɗaga garma da daidaita zurfinta cikin ƙasa. Bai yi shi don manyan injunan zamanin nan ba. Famfon yana nutse cikin man giya, a ƙarƙashin kujerar direba, yana da fistin huɗu ƙanana. Man da ya ke turawa a minti ɗaya wajen lita 15 zuwa 18 ne, in inji na gudu sosai. Matsinsa kuwa ya kan kai wajen 2,500 a irin awon da mai faci ke auna iskar taya. Ku tuna tayar ƙaramar mota 30 ko 35 a ke busa mata. Ashe ke nan famfon nan yana da ƙarfi ƙwarai, sauri ne ba shi da shi. Wanda ya riƙe wannan magana ya fahimci rabin sha'anin.

Bari mu yi ɗan lissafi, malaman ofis su duba mini. Jak mai faɗin inci 4, in aka tura masa mai da matsin 2,500, zai ture kusan tan 14. Wannan ya ishi kowace tirelar ƙauye. In tsawon fitarsa ƙafa 2 ne, zai sha mai kusan lita 5, watau wajen daƙiƙa 20 kafin ya gama fita. Ba laifi, wa ke gaggawa a juye taki? Amma injin da ke bukatar mai ya yi ta gudana ba tsayawa don ya juya fanka ko wata ƙafa, irin waɗansu manyan injunan shuka, ya kan nemi ninki biyu ko uku na abin da wannan famfo ke bayarwa. In ka matsa masa, mai ya yi zafi, robobi su ƙone, aiki bai yiwu ba, famfo kuma ya tafi. Kada dillali ya ruɗe ka da cewa da zarar an sa baki kowane inji zai yi aiki.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce mafi sauƙi, tiyo ɗaya. A kan jawo shi daga murfin haidirolik zuwa baya, a sa masa baki guda. Mai ya tura jak sama, nauyin tirela ya komo da shi ƙasa, man ya dawo ta inda ya fita. Wannan ita ce ta tirela mai juye kaya, kuma ba baƙon abu ba ne ga wannan tarakta, gama shi kansa kamfanin Ferguson ya yi tirela mai juyewa ta tan 3 don ƙaramar taraktarsa. Wanda bukatarsa taki ne da yashi da marmara da buhunan hatsi, wannan ta ishe shi.

Hanya ta biyu ta tiyo biyu ce, don jak ɗin da a ke so ya tura ya kuma jawo da ƙarfin mai, kamar na karkata bakin gireda ko na cebur ɗin gaba. A ƙarƙashin kujera, ta gaba wajen dama, akwai wani ɗan murfi mai kusa biyu. Ƙarƙashinsa ne bututun da ke hawo da mai daga famfo ya ke. A kan cire murfin a ɗaura bawul mai karkata mai a gurbinsa. In ka juya shi nan, mai ya tafi hannuwan garma. In ka juya can, ya fita waje zuwa wani bawul mai liba da a ke kafawa kusa da hannun direba, daga nan zuwa baki biyu na baya. Dole kuma a yi wa man hanyar komawa cikin akwatin giya. Makaniki ya yi hattara kada ya zaro bututun nan daga cikin famfo sa'ad da ya ke cire murfi, ya kuma sa sababbin robobi.

Akwai abu biyu da mai tarakta zai sani kafin ya biya kuɗi. Na ɗaya, famfo guda ne, don haka muddin an karkata mai waje, hannuwan garma ba za su ɗaga ba sai an mayar. Na biyu, famfon Ferguson ba ya tura mai sai an neme shi. Ita 135 tana da wurin da a ke ajiye liba don famfo ya yi ta turawa ba tsayawa, kuma littafin taraktar ya nuna yadda a ke yi. Waɗanda suka girme ta sai da wata dabara. Direban da ya manta ya bar libar a wurin bayan an gama aiki, shi ke dafa mai a banza.

Hanya ta uku ita ce a sa famfo dabam da tankinsa dabam, ko a gaban inji ko a sandar juyi ta baya wadda makanikai ke kira PTO. Wannan ta fi tsada, amma ita ke ba da mai mai yawa, kuma hannuwan garma na aikinsu ba ruwansu. In a sandar baya aka sa shi, to, ka rufe wa kanka hanyar ɗaura injin sussuka a lokaci guda. Mai son cebur ɗin gaba mai sauri, wannan ce hanyarsa.

Sai kuma maganar irin bawul. Bawul iri biyu ne. Akwai wanda in liba na tsakiya ya kan bar mai ya wuce ya koma gida, akwai wanda ya kan toshe hanya gaba ɗaya. Tsofaffin Massey Ferguson da Fiat da Ford na farkon su ke so. Manyan John Deere da aka fara yi daga 1960 na biyun su ke so. A ido duk ɗaya su ke. In aka sa mai toshewa a inda mai wucewa ya kamata, za ka ji tarakta na kuka kamar ana yanka, mai ya yi zafin da ba ka iya taɓa bututu, kafin mako ya zagayo ka sayi sabon famfo. Ka tambayi mai kanti wane iri ne. In ya ce duk ɗaya ne, ka yi masa sallama ka tafi kantin gaba.

Araha ba ta ado

Yanzu ga inda na ke da ƙorafi. Na sha ganin aikin da aka yi da bututun famfon ruwa, da gwiwar bututu irin ta banɗaki, aka bi da walda aka shafa jan fenti. Jama'a, ruwan famfon gida matsinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na wannan mai ba. Tiyo na haidirolik yana da saƙar waya a cikinsa, kuma an rubuta ƙarfinsa a jikinsa. Na rabin inci mai saƙa ɗaya 2,000 zuwa 2,300 ya ke ɗauka, watau bai kai ƙarfin famfon ba. Mai saƙa biyu 3,500 zuwa 4,000 ya ke ɗauka, shi ne naka. Bakinsa kuma da inji a ke matse shi, ba a ɗaure shi da waya ko maɗaurin tiyon ruwa. Zaren kusa ma iri iri ne, na Ingila dabam, na Amurka dabam. In bai shiga da hannu ba, kada a tilasta shi da sifana.

Don me na ke tsananta wannan? Domin na gani da idona. Shekarun baya wani yaro direba a garinmu ya ga mai na raguwa, ya bi tiyo da tafin hannu yana neman inda ya ke yoyo, inji kuwa na aiki. Ya ji kamar ƙaya ta soke shi a yatsa. Ɗan ɗigon jini ne kawai, ya tsotse ya ci gaba da aiki. Kwana uku hannu ya kumbura kamar tulu. Da aka kai shi asibiti sai da aka yanke yatsan, likita ya ce Allah ne Ya tsare hannun. Man da ke fita ta ƙaramar huda da matsin 100 kawai yana iya huda fata, balle 2,500. In ya shiga, ya kan bi cikin nama yana kashe shi. Wanda wannan ya same shi, a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita man haidirolik ne ya shiga, ko da ba a ga rauni ba. Kada a tsaya shafa man zafi. Neman yoyo kuwa da guntun kwali a ke yi, ba da hannu ba.

Haka kuma kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin tirelar da aka ɗaga sai an tokare ta da ƙarfe ko kututture mai ƙarfi. Mai kaɗai ke riƙe da ita, in tiyo ya fashe ba ta sallama. Kafin a cire baki ko a cusa, a sauke kaya ƙasa, a kashe inji, a kaɗa liba gaba da baya don matsi ya fita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da masu ƙi ke cewa

Wani zai ce, "Malam, kana so ka kashe mana tsohuwa da aikin rani, damina ta zo ba mu da abin huɗa." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba zan raina ta ba. Jan kaya a kan hanya yana cin taya da birki da kuloci. Ita 135 nauyinta bai fi tan ɗaya da rabi da 'yan kai ba, birkinta kuma a ƙafafun baya kaɗai ya ke. In ka ɗora mata tan 6 a gangara, tirela ce za ta tuƙa ka. Amsata ita ce a tsaya a wajen tan 3, a ɗaura tirela a maɗaurin ƙasa, kada a ɗaura sama da gatarin baya, gama nan ne tarakta ke tashi ta kife a kan direba. In an kiyaye wannan, aiki bai fi zama ɓarna ba. Inji mai kwanciya wata tara batirinsa ya kan mutu, robobi su bushe, taya ta tsage, ɓeraye su ci waya. Wa bai ga ana tura tarakta ran da aka yi ruwan shuka ba?

Wani kuma zai ce ƙura za ta shiga. Gaskiya ne, wannan shi ne babban abokin gāban bakin mai a ƙasarmu, tun ba lokacin hunturu ba. Man haidirolik na wannan tarakta shi ne man giyarta, wajen lita 30 a tukunya ɗaya. Duk ƙasar da ta shiga ta baki, sai ta zagaya famfo da giya duka. Maganinsa arha ne: murfin roba a kowane baki, da tsumma mai tsabta a aljihun direba, a goge kafin a cusa. Abin da ya fi ƙura haɗari shi ne aron tirela. Man da ya rage a jak ɗin tirelar maƙwabcinka zai gauraya da naka. In shi baƙin man inji da aka zubar ya ke ɗurawa, ka ɗauko wa taraktarka cuta. Masu sababbin taraktoci irin 375, waɗanda birkinsu ke cikin mai, su suka fi shan wahalar wannan. Ka kuma duba sandar awon mai, domin babban jak ya kan kwashe lita da yawa sa'ad da ya fita, famfo ya koma shan iska.

Na uku zai ce kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, gama na yau dabam na gobe dabam. Amma ka ɗauko takarda ka rubuta sawu nawa ka yi hayar tifa ko amalanke a ranin bara, na taki da na yashi da na kai amfanin gona kasuwa. Ka ƙara kuɗin leburorin da suka sauke kaya da cebur. Sa'an nan ka rubuta kuɗin bawul da tiyo da ladan makaniki da man gas da ladan direba. Alƙalami ya raba gardama. In gonarka ƙarama ce, ba ka kuma da niyyar yin haya, ka bar abin, ba dole ba ne.

Aikin kowa

Manomi, kafin ka sayi ko kusa ɗaya, ka sa makaniki ya ɗaura geji ya auna matsin famfonka. Ka ɗaga garma ka kashe inji ka gani. In ta sauko cikin 'yan mintoci, akwai yoyo a ciki, a gyara wannan tukuna. Ba a ɗora wa jaki mai ciwon baya kaya. Ka kuma san abin da za ka ja kafin ka zaɓi hanya, kada ka biya kuɗin tiyo biyu alhali ɗaya ka ke bukata.

'Yan kasuwa masu kayan gyara, ku ji tsoron Allah, ku kawo tiyo mai rubutu a jiki, ku kawo baki na rabin inci irin wanda ya zama gama gari, don tirelar wannan ta shiga taraktar wancan. Ku san irin bawul ɗin da ku ke sayarwa. Ribar da aka ci da yatsan yaro ba ta albarka.

Malaman ƙungiyoyin manoma da akawuna, ku ne masu littafi. In ƙungiya na da tarakta, a rubuta ranar da aka canja mai, da irin man, da wanda ya ari tirela. Ƙauye guda ya haɗa kuɗi ya sayi geji ɗaya, ya ishi kowa. Ina kuma roƙon Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilori, da hukumomin raya aikin gona na jihohi, su shirya wa makanikan karkara ɗan kwas na mako ɗaya a kan wannan aiki, su buga takarda da Hausa mai zane. Makanikanmu suna da basira, abin da ya rage a nuna musu awo.

Lokacin yin aikin kuwa yanzu ne, da rani, sa'ad da makaniki ke da sarari, kai ma kana da kuɗin kaka a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taki kuma tun kafin bazara a ke son ya isa gona.

Shi Alhaji abokina, da muka gama lissafi a ƙasa da tsinke, ya yi shiru, sa'an nan ya ce wa ɗansa ya kore kajin nan ya yaye tamfol. Na ce, "Alhaji, geji tukuna." Ya yi dariya ya ce ya ji. In an auna, zan gaya muku abin da aka samu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da hatsarin ƙarfe, amin. Sai mako mai zuwa.